Fatoman da ba shi da zaure: sana'ar taimako daga nesa a Zangon Wagadugu

(Kiɗan buɗe shiri)

Shirinmu na musamman a yau ya yada zango ne a Wagadugu, babban birnin Burkina Faso, domin duba wata sana'a da ba ta da shago ba ta da rumfa. Ita ce sana'ar mataimakin nesa, wato matashi ko matashiyar da ke riƙe wa ɗan kasuwa wasiƙunsa da lissafinsa da alƙawuransa ta waya da kwamfuta, ba tare da ya taka ofishinsa ba. Tambayar ita ce, ta yaya mai irin wannan sana'a ke samun masu ba shi aiki, kuma da me yake riƙe su?

Baƙon da ya tare koriyar tasi a Wagadugu ya ce a kai shi Zango, da wuya direba bai tambaye shi wanne ba. Akwai Zongo ta yammacin birni, wajen Boulmiougou, unguwar da yawancinta hukuma ba ta yanka filayenta ba. Akwai kuma tsohon zangon Hausawa, Zangouettin, a tsakiyar gari, tsakanin babbar kasuwar Rood Woko da filin jirgin sama. Shi wannan na biyun ya zama labari. A farkon shekarun 2000 gwamnati ta ƙaddamar da shirin ZACA na faɗaɗa yankin kasuwanci da ofisoshi, wanda ya cinye kusan kadada 85. Wajen ƙarshen 2003 aka shiga rusau, unguwannin Zangouettin da Tiedpalogo da Peuloghin duk suka tashi, aka ba mazauna filaye a gefen Ouaga 2000 da kuma Nioko. A watan Mayun wannan shekarar dai gobara ta tashi a Rood Woko, kasuwar ba ta sake buɗewa ba sai 2009. Cikin shekara guda, ɗan kasuwar zango ya rasa maƙwabtansa ya rasa rumfarsa. Abin da ya ci gaba da haɗa mutanen da aka warwatsa shi ne lambar waya.

Dalilin tsayawa a kan wannan tarihi shi ne, zango ya san sana'ar yi wa wani hidima yana nesa tun kafin a ƙirƙiro intanet. Fataken goro da ke tashi daga Kano da Sakkwato zuwa Salaga a ƙasar Gonja sun ratsa ƙasar Gurma da ta Mossi, kuma a kowane masauki akwai fatoma. Shi ke saukar da baƙo, ya adana masa kaya, ya nemo masa dillali, ya yi masa tafinta, ya tsaya masa idan an sayar da kaya bashi. In baƙo ya koma gida, fatoma ne ke bin bashin ya ajiye kuɗin. Wani masani, Abner Cohen, ya rubuta littafi a 1969 kan Hausawan unguwar Sabo ta Ibadan, ya nuna yadda cinikin shanu da goro ya rataya a wuyan masu gida irin waɗannan, da akawunansu da yaransu. Jarinsu na gaske amana ce, amma amana mai adireshi. Fatoma yana da gida, yana da iyali, yana da masallacin da ake ganinsa sau biyar a rana. In ya ci amana, sarkin zango ya san ƙofarsa.

Mataimakin nesa ya gaji aikin, bai gaji zauren ba. A nan matsalarsa take, kuma duk dabarun kula da abokin hulɗa da ake koyarwa a wannan sana'a, in aka tace su, ƙoƙari ne na cike wannan giɓi.

(Kiɗa)

Wane ne ma zai ba shi aiki? Matasa da yawa suna fara hangen ƙetare, dandalin Upwork ko Fiverr, ko ComeUp na masu jin Faransanci. Ba laifi. Sai dai can gasar ta yi zafi: 'yan Filifin sun daɗe da kama kasuwar Ingilishi, 'yan Madagaska da Maroko da Senegal kuma sun yi nisa a ta Faransanci. Kasuwar da ɗan zango ya fi kowa sani tana bakin ƙofarsa.

Burkina Faso ba ta da teku. Kayanta ta Lome suke shigowa, ko Tema, ko Abijan, ko Kwatano, kuma kowace kwantena tana tafe da tarin takardu: na mai sayarwa, na jirgin ruwa, na mai fiton kaya, na duwan. Tun 2016 aka buɗe dandalin SYLVIE don tattara takardun shigo da kaya da fitar da su ta intanet. Alhajin da ke sayo kayan babur daga Guangzhou ya iya ciniki, ya iya Hausa da Moore, wataƙila da Zabarmanci, amma amsa imel da Faransanci ko Ingilishi ba aikinsa ba ne. Ɗaukar sakatare na dindindin kuma nauyi ne: mafi ƙarancin albashi ya koma sefa 45,000 a 2023, ga kuɗin asusun ma'aikata, ga teburi ga wuta. Mataimakin da zai raba lokacinsa tsakanin 'yan kasuwa huɗu ko biyar ya fi masa sauƙi. Haka ma masu sana'ar hannu, irin maƙeran tagulla na unguwar Niogsin da masaƙan faso dan fani. Tun 1988 ake baje kolin sana'ar hannu na SIAO a Wagadugu, masu saye na zuwa daga ƙasashen waje su karɓi lambobi. Bayan an watse ne ake buƙatar wanda zai amsa saƙo, ya aika hoto da farashi, ya bi sawun kaya har su isa.

Yadda ake tallar wannan sana'a kuwa, ba a nan ake ɓata kuɗi ba. Shafin Facebook yana da amfaninsa, haka manhajar WhatsApp Business da ta fito a 2018, wadda ke ba mutum damar jera ayyukansa da farashinsu, ya saka saƙon da ke amsawa da kansa idan ba ya kusa. Amma babu Alhajin da zai miƙa littafin bashinsa ga wani don ya ga tallarsa da hoto mai kyau. Abin da zai fara tambaya shi ne: ɗan wane ne, wa ya san shi? Tallar da ke ci a zango ita ce shaidar wanda aka riga aka yi wa aiki, a bakin masallaci bayan Juma'a, ko wurin suna, ko cikin rukunin WhatsApp na 'yan kasuwa. Saboda haka masu wayo kan fara da ƙaramin aiki guda, wanda za a ga ƙarshensa cikin mako: a tsara wa mutum jerin masu bin sa bashi da waɗanda yake bi, ko a rubuta masa takardar farashi mai tambarin shagonsa. In ya ji daɗi, sai a roƙe shi abu ɗaya, ya yi saƙon murya na rabin minti ya tura wa abokan cinikinsa biyu. Wannan saƙon ya fi kowane allon talla a titin Kwame Nkrumah.

Akwai kuma kuskuren cewa "ina yin komai". Mai yin komai ba a tuna shi. Wadda aka sani da takardun tashar Lome, ko wanda aka sani da odar masu ɗinki lokacin sallah, su ake nema da suna.

(Kiɗa)

A ɗauka an samu aikin. Ga yadda safiya kan kasance tsakanin wata mataimakiya da dattijon da take yi wa hidima. Ƙarfe bakwai ta tura saƙon murya, ta fara da gaisuwa yadda ta dace: "Baba Alhaji, ina kwana, ya iyali, ya kasuwa?" Sai ta shiga zance: mai fiton kaya ya ce mota ta baro Lome jiya, mai saye na garin Pouytenga ya turo rabin kuɗi, ɗan China yana jiran amsa kafin ya tashi daga ofis. Alhaji ya amsa daga kan babur ɗinsa: "To 'yata, Allah ya yi albarka. Ki ce wa na Pouytenga ya cika kafin ranar kasuwa." Ita kuma nan take ta mayar da abin da aka faɗa rubutu, layi uku, ta tura masa. Ba don Alhaji zai karanta ba. Ɗansa zai karanta masa, kuma ranar da aka yi gardama rubutun ne zai raba.

Wannan rubutu yana da muhimmanci musamman a kan kuɗi. A kasuwannin ƙasashen sefa masu jin Hausa suna ƙirga kuɗi ne da dala, dala ɗaya tana daidai da sefa biyar. Wanda ya ce "ɗari" yana nufin sefa 500, jika kuma sefa 1,000. Ɗan kasuwar Kano da ya ji an ce dala, kuɗin Amurka ne zai faɗo masa a rai. Mataimakin da ke tsakiyar waɗannan mutane biyu dole ya rubuta kowane farashi da lambobi, ya saka sunan kuɗin a gefe. Dole kuma ya faɗi ranar canji, domin sefa tana ɗaure da yuro a kan 655.957, naira kuwa tun da aka sake ta a watan Yunin 2023 farashin safe ba lallai ya kai yamma ba.

Agogo ma yana cin mutane. Yamai da Kano suna gaban Wagadugu da awa ɗaya, Dubai da awa huɗu, Guangzhou da awa takwas. Ƙarfe tara na safe a zango, ɗan China ya kai ƙarfe biyar na yamma yana haɗa jakarsa. Mataimakin da ke jira sai ya karya kumallo ya buɗe waya, ya jawo wa uban gidansa asarar yini guda.

Sai wuta da intanet. A watannin zafi, daga Maris zuwa Mayu, ɗauke wuta ba baƙon abu ba ne a Wagadugu, duk da tashar hasken rana ta Zagtouli mai megawat 33 da aka buɗe a 2017, can yamma, ba nisa da Zongo. Layi biyu ko uku, Orange da Moov da Telecel, da ƙaramin faranti na sola da batir, su ne kayan aiki na farko, kafin ma a yi zancen sabuwar kwamfuta. Amma layi uku ma ba su ceci kowa ba a watan Nuwamban 2021, lokacin da aka katse intanet ɗin wayar hannu a duk ƙasar har kwana takwas. A watan Janairun 2022 kuma aka toshe Facebook. Wanda ya tara duk hulɗarsa a dandali ɗaya ya ga ta kansa. Shi ya sa ake ajiye lambobi da lissafi a wuri na biyu, a kuma san ofis ko shagon da ke da intanet na waya mai igiya. Uban gida yakan yafe jinkiri idan an kira shi an gaya masa tun da wuri. Shirun ne ba ya yafewa, domin mutumin da ba ya ganinka, in ya kira sau uku ba a ɗauka ba, zuciyarsa ba ta kawo masa alheri.

Inda aka fi samun ɓaraka shi ne sirri. Mataimaki yana ganin ribar Alhaji, da wanda ya ci bashinsa, da farashin da ɗan China ya ba shi, kuma wataƙila yana yi wa maƙwabcinsa na kasuwa aiki. Masu hankali ba sa haɗa 'yan kasuwa biyu masu sayar da kaya iri ɗaya, ko da kuɗin ya yi daɗi. Doka ma ta shigo: Burkina Faso na cikin ƙasashen Afirka na farko da suka yi dokar kare bayanan mutane, tun 2004, aka sabunta ta a 2021, kuma hukumar CIL aka ɗora wa sa ido. Game da kuɗi kuwa, shawarar da ta fi ita ce kada su bi ta wayar mataimaki sam. Mai saye ya tura kai tsaye zuwa Orange Money ko Moov Money na mai kaya, mataimaki ya rubuta kawai. Lambar sirri ta zauna wurin mai ita. Saƙon bogi na "an turo maka kuɗi" ya yi yawa har an kafa rundunar yaƙi da zamba ta intanet, BCLCC, a 2020, don haka ba a sakin kaya sai mai asusu ya duba da idonsa.

Shi kansa ladan aikin, tsarin la'ada irin na dillalai yana da jan hankali, amma yana sa mataimaki ya riƙa tura uban gida cikin cinikin da bai nuna ba. Kuɗin wata ya fi tsabta, a rubuta abin da ya ƙunsa da lokutan aiki. In ba haka ba, wanda aka ɗauka don amsa imel zai wayi gari ana aikensa biyan kuɗin makarantar yara, ana kiransa ƙarfe sha ɗaya na dare. Faɗin haka ga dattijo yana son ladabi, kuma a ranar farko ake faɗa, lokacin da fuska ke sake.

Mai son ya wuce 'yan kasuwar unguwa ya kai ga kamfanoni da ƙungiyoyi sai ya yi rajista, domin su ba sa biya sai da takardar kuɗi mai lamba. A Wagadugu ana yin wannan a cibiyar CEFORE da ke ƙarƙashin Maison de l'Entreprise, inda ake samun lambar rajistar kasuwanci ta RCCM da lambar haraji ta IFU a teburi ɗaya. Su ne ake bugawa a saman kowace takarda, kusa da suna da lambar waya, ko da ofishin bai wuce ɗaki ɗaya a Zongo ba.

A nan shirin ya kawo ƙarshe. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.

(Kiɗan rufe shiri)