Abin da ya kamata mai sabuwar motar dizal ya sani idan inji na rage ƙarfi lokaci-lokaci

Matsalar da ta fi wahalar da makanikai ita ce mai zuwa ta tafi: mota ta rage ƙarfi ana cikin tafiya, fitilar gargaɗin inji ta kama, amma da an kai ta gareji sai ta koma lafiya lau.

A sababbin motocin dizal, kwamfutar inji ce kan rage ƙarfin da gangan domin kare shi daga lalacewa. Sau da yawa musabbabin shi ne ruwa ko datti a cikin mai, wayar da ta saki, ko toshewar matatar hayaƙi ta DPF, wadda gajerun tafiye-tafiye cikin gari ba sa ba ta zafin ƙone abin da ta tara.

Ko bayan fitilar ta mutu, kwamfutar kan adana lambar matsalar. Kuskure ne a bari a goge ta kafin dillalin da ya sayar da motar ya karanta, domin ita ce hujjar mai mota muddin garanti bai ƙare ba. Idan dillali ya ƙi gyarawa, ana iya kai ƙorafi Hukumar Kare Haƙƙin Masu Sayayya, FCCPC.