Iyaka, Baƙi da Ƙuri'a: Tantance Maganganun da ke Yawo a Fagge da Sabon Gari

Duk lokacin da zaɓe ya ƙarato, ko aka sami wani tashin hankali, maganganu iri ɗaya ne ke dawowa majalisun Fagge da rumfunan Kantin Kwari da tashoshin motar Sabon Gari, yanzu kuma har da WhatsApp. Wasu su ce iyakarmu da Nijar a buɗe take, kowa shigowa yake yadda ya ga dama. Wasu su ce tirela-tirela ake kwaso mutanen Maraɗi da Damagaram su yi wa 'yan siyasar Kano zaɓe. Wani ya ce duk fitinar da ta taɓa cin garin nan baƙi ne suka kawo ta, wani kuma ya mayar masa da cewa duk mai maganar tsaron iyaka ƙabilanci ne ke cinsa. Akwai gaskiya a cikin waɗannan maganganu, akwai ƙarya, kuma cakuɗa su da ake yi shi ke sa a bar ainihin ciwon, wato sakacin hukuma, a koma tuhumar mutum saboda fuskarsa ko karin harshensa.

A fara da abin da ba a musu. Iyakar Najeriya da Nijar ta kai kimanin kilomita 1,500, kuma mafi yawanta fili ne da gonaki. Ƙofofin hukuma irin su Illela da Jibiya da Kongolam da Maigatari ƙalilan ne, ɓarauniyar hanya kuwa ba ta ƙirguwa. Ta nan shinkafa ke shigowa fetur ya fita, kuma tun faɗuwar gwamnatin Gaddafi a Libiya a 2011 makamai suka yi yawa a yankin Sahel. Don haka ɗan kasuwar da ya nemi a san wanda ke shigowa da abin da ya ɗauko bai yi ƙabilanci ba, haƙƙinsa ya nema, kuma masu saurin liƙa masa wannan suna su ma suna kashe muhawarar. Sai dai a tuna cewa tun da aka yanke Jigawa a 1991 Jihar Kano ba ta da iyaka da Nijar ko taku ɗaya, kuma shige da fice aikin gwamnatin tarayya ne kaɗai a tsarin mulki. Ɗan takarar jiha da ya yi alkawarin rufe iyaka yana tallan abin da ba nasa ba.

Maganar cewa duk ɗan Nijar da ke Kano ta ɓarauniyar hanya ya shigo, ita ce ba ta da tushe. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan kowace ƙasar ƙungiyar damar shiga wata ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90 muddin yana da takardun tafiya, bayan nan ya nemi izinin zama. Za a ce ai Nijar ta fice daga ƙungiyar tare da Mali da Burkina Faso a Janairun 2025. Haka ne, amma a lokacin ficewar ECOWAS da kanta ta umarci ƙasashenta su ci gaba da karɓar fasfon 'yan waɗannan ƙasashe da barinsu su yi zirga-zirga har sai an yanke wata shawara. Akwai waɗanda kwana 90 ɗinsu ya wuce ba su nemi komai ba, kuma laifi ne, amma takarda ce ke nuna shi, rawani ba ya nunawa. Fagge ita kanta zangon fatake ce, inda Buzaye da Azbinawa ke sauke raƙumansu a bayan ganuwa tun kafin Turawan Ingila da Faransa su ja layin da muke kira iyaka a yau. Jikan waɗancan fatake da aka haifa a Fagge ɗan ƙasa ne kamar kowa.

Batun ƙuri'a ya fi ɗaukar zafi, domin akwai abin da aka rataya shi a kai. A ƙarshen Janairun 2019 gwamnonin Maraɗi da Damagaram sun halarci gangamin yaƙin neman zaɓen Buhari a Kano, jam'iyyar PDP ta yi ƙorafi, kuma a ganina ƙorafin yana kan hanya, domin bai dace jami'in wata ƙasa ya hau dandalin siyasarmu ba. Amma zuwan gwamna biyu filin taro daban ne da shigo da masu zaɓe. Gab da zaɓen 2023 hukumar shige da fice ta sanar da ƙwace katunan zaɓe da na shaidar ɗan ƙasa sama da 6,000 daga hannun baƙi a jihohi da dama. Wannan ya tabbatar da cewa ana yin maguɗin rajista, kuma dole a hukunta jami'an da ke sayar da ita. Sai dai a ɗora adadin a kan masu rajista fiye da miliyan 93 a ƙasa a wancan zaɓe, kusan miliyan 6 daga ciki a Kano kaɗai, a ga ko shi zai naɗa gwamna. Wata ƙaramar magana da ke rikita mutane ita ce lambar NIN: doka ta yarda a ba baƙon da ke zaune bisa ƙa'ida, ba ta mayar da shi ɗan ƙasa, ba ta ba shi ikon jefa ƙuri'a.

Hujja mafi ƙarfi da masu cewa baƙi ne tushen fitina ke kawowa ita ce Maitatsine, kuma ta cancanci a amsa ta da kyau, tunda a unguwar 'Yan Awaki, nan cikin Kano, abin ya faru. Muhammadu Marwa, wato Maitatsine, mutumin Kamaru ne, an kore shi daga Kano a 1962 zamanin Sarki Sanusi, ya dawo, kuma rikicin Disambar 1980 ya ci rayuka 4,177 a ƙididdigar kwamitin Mai shari'a Aniagolu. Dawowarsa gazawar hukuma ce ƙarara. Amma mafi yawan mabiyansa 'yan Najeriya ne, matasan da talauci ya koro daga ƙauyuka. A Janairun 1983 gwamnatin Shagari ta kori baƙi kimanin miliyan 2, kusan rabinsu 'yan Ghana, da sunan tsaro da tattalin arziki. Da baƙi ne tushen cutar da an warke, amma rikicin ya sake ɓarkewa a Jimeta a 1984, ya kuma ɓarke a Gombe a 1985. Harin bam na tashar New Road ta Sabon Gari a Maris 2013 ma Boko Haram aka ɗora wa alhakinsa, ƙungiyar da aka haifa a Maiduguri. Wanda kuma yake ganin irin wannan kora ba za ta taɓa shi ba, ya tuna Shugaba Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar Jihar Borno, wanda gwamnatin tarayya ta tsallakar da shi Chadi a 1980 da cewa ba ɗan ƙasa ba ne, har sai da kotu ta soke korar.

Mazauna Sabon Gari kuwa ba su ma cikin wannan lissafi, ko da yake su jita-jitar ta fi faɗawa. Turawa ne suka yanka unguwar wajen 1913 bayan isowar jirgin ƙasa, don ma'aikata da 'yan kasuwar da suka zo daga kudu, kuma wannan rabuwa ta mulkin mallaka ce har yau ke sa wasu na kallon Ibo ko Bayaraben da kakansa ya tsufa a Kano kamar ɗan ci-rani. Sashe na 41 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Najeriya 'yancin zama a duk inda ya so, sashe na 42 ya hana nuna masa bambanci saboda ƙabila ko addini. Wa'adin barin Arewa da wasu ƙungiyoyin matasan Arewa suka ba Ibo daga Kaduna a Yunin 2017 ba shi da madogara a doka, kuma an janye shi kafin ranar ta zo. Bahaushe ya fi kowa sanin ɗacin wannan tunani. A Agustan 2019 an tsare matasa 123 'yan Jigawa a Legas don kawai sun shigo cikin tirela da baburansu, a Maris 2025 kuma aka kashe mafarauta 16 a Uromi ta Jihar Edo suna hanyar komawa gida Kano yin sallah. Zargin da ya kashe su shi ne irin wanda ake jifan wasu da shi a nan.

Rufe iyaka ruf an gwada shi daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, an sake bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris 2024. Abinci ya yi tsada, cinikin Kantin Kwari da Dawanau da maƙwabta ya ja baya, 'yan fasa-ƙwauri suka ƙara kuɗin hanya, 'yan bindiga kuma ba su ajiye makami ba. Abin da ya kamata mutanen Fagge da Sabon Gari su matsa wa wakilansu a Abuja a kai shi ne isassun jami'ai da kayan aiki a kan iyaka, rajistar baƙi mai sauƙi, da gurfanar da duk jami'in da aka kama yana sayar da katin zaɓe ko yana karɓar na goro a shinge.