Sabulu a Ƙofar Banɗakin Ofis

A ma'aikatu da yawa za ka tarar an manna takarda a bango, wai a riƙa wanke hannu. Ka murɗa famfo, shiru. Sabulu kuwa, in ma akwai shi, yana kulle a durowar wani babba. Tun daga nan magana ta lalace, domin ma'aikacin da sai ya sayi ruwan leda da kuɗinsa kafin ya ɗauraye hannu ba kullum zai yi ba.

Kwalara da taifod da atini da mura duk suna bin hannu. Ƙwayar cutar tana fita ta bayan gida ko majina, ta laƙe a yatsu da ƙarƙashin farce, ta sauka a mariƙin ƙofa, da butar banɗaki, da biron da kowa ke sa hannu da shi a rajistar zuwa aiki, da na'urar POS, da takardun kuɗi. Ga mu kuma mutanen musabaha ne. Kafin mutum ya zauna a kujerarsa da safe ya gaisa da rabin ofis. Ba wanda ya ce a daina gaisuwa, a dai san inda hannun ya biyo.

A shekarar 1847, a babban asibitin Viyana ta ƙasar Ostiriya, wani likita mai suna Ignaz Semmelweis ya lura cewa likitoci da ɗalibansu suna tasowa daga binciken gawa su wuce kai tsaye ɗakin haihuwa. Ya tilasta musu wanke hannu da ruwan kulorin. Mace-macen masu jego, da a wani wata suka kai wajen 18 cikin 100, suka faɗo zuwa kusan 2. Maimakon godiya, da yawa cikin abokan sana'arsa haushi suka ji, wai ya za a ce hannun likita na da ƙazanta. Wannan girman kai yana nan har gobe: masinja ake wa faɗan tsafta, ba darakta ba.

Wani zai ce ai yana alwala sau biyar. Madalla, tana rage datti ƙwarai. Sai dai ruwa zalla ba ya narkar da maiƙon da ƙwayoyin cuta ke maƙalewa a ciki. Aikin sabulu ne wannan. A cuɗa kamar daƙiƙa 20, har da bayan hannu da tsakanin yatsu da babban yatsa, musamman bayan fitowa daga banɗaki da kafin cin abinci. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne roba ɗaya ta ruwan wanke hannu a wurin mai abinci, kowa ya tsoma, na ƙarshe ya kwashe dattin na farko, sannan duka su goge da tsumma ɗaya. A zuba wa mutum ruwa ya kwarara, ya bar hannun ya sha iska. Sanitaiza na taimakawa idan alkohol ɗinsa ya kai kashi 60, amma ba ya aiki sosai a hannun makaniken da ya sha baƙin mai.

Lokacin Ebola a 2014 da korona a 2020, bokiti mai famfo, irin wanda Veronica Bekoe ta ƙirƙira a Ghana, ya cika ƙofofin bankuna da ma'aikatu. Da tsoro ya wuce aka mayar da shi sito, alhali kwalara ba ta daina dawowa da damina ba. Kamata ya yi shugaban ma'aikata ya fito da shi, ya ajiye ɗaya a ƙofar banɗaki, ɗaya a wurin cin abinci, ya ambaci sunan wanda zai cika su kowace safiya, ya sa kuɗin sabulu a kasafin wata kamar yadda yake sa man janareta. Mai dafa abinci ko mai haɗa shayin da gudawa ta kama kuma a bar shi ya zauna gida ba tare da an yanke masa albashi ba, in ba haka ba zai ɓoye ciwon ya zo aiki.