Ɗakin da Ake Tambayar Ƙashin Kare

Wari ne ke fara tarbar mai shiga. Ba na ruɓa ba, warin ƙurar ƙashi ne da ake kankarewa da ɗan inji irin na likitan haƙori. Ɗakin yana can ƙasan wani gini a wata jami'ar Jamus, babu taga, sai firji da gunjin injin da ba ya hutawa dare da rana. Kowa da farar riga da safar hannu, domin maiƙon yatsa kaɗai ya isa ya lalata wahalar mako guda.

Aikin na mai haƙuri ne. Ɗaliba za ta yanko guntun ƙashi da bai fi ƙwayar gyaɗa ba, ta jiƙa shi a ruwan asid, ta kai firji, ta yi ta leƙawa kwana da kwanaki har ya yi laushi kamar ganda. Sai a ɗumama shi a hankali, a tace, a busar. Abin da ke saura fari ne, sakayau kamar auduga, shi ne kolajin, furotin ɗin ƙashi. A ɗebi kimanin miligiram ɗaya, a ƙunshe a ɗan kofin kuza, a ƙone shi a zafin da ya kai digiri 1,000, na'ura ta auna nau'in kabon da naitirojin da ke cikin hayaƙin.

A nan ne abincin ke tona kansa. Gero da dawa da masara sun fi alkama da shinkafa tara kabon mai nauyi, kuma alamar tana bin mai ci har cikin ƙashi. Shi kuwa naitirojin mai nauyi hawa yake yi: kaɗan a ciyawa, ya ƙaru a barewa, ya ƙara ƙaruwa a wanda ya cinye barewar.

Labarin da ya fi taɓa ni na Dadiwan ne, a lardin Gansu na ƙasar Sin. Binciken da aka wallafa a 2009 ya nuna karnukan wurin suna cin gero tun fiye da shekara 7,000 da suka wuce. Ba geron da muke surfawa ba ne, ɗan'uwansa ne na Asiya. To, kare ba ya noma, ba ya sussuka. Wani ne ya dafa, ya ci, ya rage masa, ba sau ɗaya ba, har abin ya zauna a ƙashinsa. Ina ganin wannan ya fi kowane tulu da aka tono faɗa mana yadda gidan yake da maraice.

Saboda kare daga tukunyar maigidansa yake ci, wasu masana kan auna ƙashinsa a madadin na mutum. A Amurka ta Arewa, inda al'ummun asali da yawa ba sa yarda a farfasa ƙasusuwan kakanninsu, wannan hanya ce da ke barin mamaci ya kwanta lafiya, kuma daidai ne.

Ba kullum ake dacewa ba. Idan rabon kabon da naitirojin ya fita daga tsakanin 2.9 da 3.6, an san ƙasa ta riga ta cinye kolajin, sai a soke sakamakon. Ɗalibar ta ja layi a littafinta, ta sake sa safar hannu, ta koma akwati ta ɗauko muƙamuƙin wani karen.