Amfanin cok wajen tayar da babur da sanyin safiya

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin hunturu, masu babur a Garwa, Marwa da Injamena sun san wahalar asuba: a yi ta buga kik, inji ya ƙi tashi. Ga ɗan kabu-kabu, wannan jinkiri na nufin fasinjan farko ya tafi da wani. Sau da yawa maganin yana jikin babur ɗin, wato cok, wanda makanikai a ƙasashen da ake jin Faransanci ke kira starter. Ɗan maɓalli ne da ake samu a hannun babur ko a gefen kafireta.

Aikin kafireta shi ne haɗa iska da fetur kafin su shiga inji. Idan inji ya yi zafi, yana bukatar iska kusan kashi 15 ga kashi 1 na fetur, bisa nauyi. Sai dai tururin fetur ne ke kama wuta, ba ruwansa ba. Da sanyi, fetur ba ya zama tururi da sauri, wani ma yakan manne a jikin ƙarfe mai sanyi. Abin da ke isa ga fulogi, ko buji, bai kai ya kama wuta ba.

Cok yana ƙara yawan fetur a cikin haɗin. A wasu babura, wani faifai ne ke toshe hanyar iska, sai inji ya zuƙo fetur da ƙarfi. A wasu kuma, wata ƙaramar hanyar fetur ce ake buɗewa. A irin wannan na biyun, murɗa totur lokacin buga kik yana rage aikin cok, don haka gara a bar totur a rufe.

Da zarar inji ya tashi ya ɗan ɗumama, yawanci cikin minti 1 ko 2, sai a mayar da cok wurinsa. Wanda ya manta ya hau hanya da shi zai ga baƙin hayaƙi a salansa, fulogi ya yi baƙi, mai ya ƙare da wuri. Mafi muni, fetur ɗin da bai ƙone ba yana wanke man da ke kare fistin, ya gangara ya tsinka baƙin mai, inji ya riƙa cinyewa a hankali.

Idan kuwa babur ya yi zafi amma yana mutuwa da an cire cok, laifin ba na sanyi ba ne. Galibi ƙura ko dattin fetur ne ya toshe ƙaramin ramin mai na kafireta, ko iska na shiga ta wata ɓaraka. Nan sai bakanike ya kwance kafireta ya wanke.