Mudu Ɗaya Daga Kekun Waje Har Gusau

Ɗan kasuwar da ke tara gero da dawa daga Kekun Waje, Bungudu da Tsafe ya kai sito a Gusau ba ya sakin yaransa su fita awo sai ya tabbatar mudunsu ɗaya ne da na bakin sito. In na wani ya gaza kaɗan, a ƙauye lissafi zai cika, a Gusau buhu ya kasa cika, kowa kuma ya rantse bai ci amana ba. Kuma gaskiya suka faɗa.

Haka lamarin yake ga masu rubuta manhajar da ke kwaso bayanai daga wurare daban-daban, ta tace su, ta zuba a rumbu guda, walau rajistar ɗalibai ce, ko takardar albashi, ko rahoton wata-wata na asibitocin karkara. Da yawansu suna aiki da SSIS, wanda Microsoft ta fitar tare da SQL Server a 2005, suna gina aikinsu cikin Visual Studio. Kwamfutar kowane ma'aikaci ita ce mudunsa. In an saita ta kan sabon samfuri alhali babbar kwamfutar ofis tana kan tsoho, aiki zai tafi sumul a teburinsa, ya ƙi tashi ranar da aka kai shi can. Sai ka ji ana cewa, ai a tawa yana yi.

Shi ya sa nake ganin ranar da aka ɓatar wajen daidaita injinan ma'aikata ba asara ba ce. Samfuri ɗaya, tsarin kwanan wata ɗaya, domin Amurkawa wata suke fara rubutawa, mu kuwa rana. A kuma tabbatar komai na karɓar haruffanmu masu lanƙwasa, in ba haka ba Ɗahiru da Ɗanjuma su isa rumbu da alamar tambaya a goshin sunansu.

Sai batun gwaji, wanda ya fi damuna. Mai hankali ba ya juye sabon kaya cikin sito kafin ya ɗebi kaɗan ya sheƙe a gefe, ya ga tsakuwa da ƙaiƙayi. Kowane ma'aikaci na buƙatar ɗan rumbun gwaji a kwamfutarsa, kuma tun 2016 samfurin SQL Server na masu rubuta manhaja kyauta ne, don haka babu uzurin kuɗi. A cika shi da bayanan ƙirƙira masu laifi da gangan, kamar mutum ɗaya da aka rubuta Muhammad a nan, Mohammed a can, ko gurbin shekaru da aka bari fayau. Sunayen marasa lafiya na gaske kuwa ba su da hurumin kwana a kwamfutar da ake hawa babur da ita zuwa gida. Dokar kare bayanai ta 2023 ta ɗora alhakin tsaronsu a wuyan duk wanda ya tara su.