Ko Kun Sani? Asirin Farin Farar Ƙasa

Ko kun san cewa farar ƙasar da ake shafe ɗaki da ita a Dingyadi da sauran garuruwan Bodinga da Shagari, in an duba ƙwayarta guda, kusan garau take, haske na ratsa ta? Haƙiƙa farin nan aikin hargitsi ne, domin ƙwayoyin na zube barkatai, iska na tsakaninsu, ta yadda hasken da ya shiga wannan shafe marar kauri yakan yi ta karyewa daga wannan ƙwaya zuwa waccan, har akasarinsa ya juyo waje, kowane launi daidai da ɗan'uwansa. Shi ya sa ɗanyen shafe kan fito dishi-dishi, jan bango na leƙowa, saboda ruwa ya maye gurbin iska, karyewar ta yi rauni. Sai ya bushe farin ya bayyana, kuma mai gaggawar ƙara shafe asara kawai yake yi. Tun ƙarni na 11 Ibnul Haisam, mutumin Basra, ya yi bahasin karyewar haske cikin littafinsa Kitabul Manazir, amma hisabin irin wannan shafe sai a 1931 wasu masana biyu, Kubelka da Munk, suka tsara shi, wanda masu haɗa fenti da takarda ke aiki da shi har yau.